Jinin al'ada na kwana goma da ciwon mara: sanyi ne ko wata matsala ce daban?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 31, shekara 5 da aure, ban taɓa haihuwa ba sai ɓari ɗaya da na yi a shekarar farko. Da can al'adata kwana 5 take yi. Yau kusan shekara biyu ke nan sai ta kai kwana 9 ko 10, jinin yana zuba da guda-guda, nakan haɗa audugar mata biyu amma duk da haka sai ya ɓata min shimfiɗa. Marata tana ciwo sosai, har baya da cinyoyi. Ina yawan jin jiri, ko tsakar gida na share sai haki. A kemis an ce sanyi ne, an yi min allurai, na sha ƙwayoyi, na sha na gargajiya har jarka uku, ba abin da ya sauya. Yayata ta ce tunda bai wuce kwana 15 ba ai haila ce, in yi haƙuri, in na haihu zai daina. Likita, sanyi ne yake sa haka? Shi ne ya hana ni haihuwa? Ina tsoron zuwa asibiti kada a ce za a cire min mahaifa."

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba ki lafiya. Tambaya uku kika haɗa: ko sanyi ne yake sa ki zubar da jini haka, ko jinin yana da alaƙa da jinkirin haihuwa, da kuma ko zuwa asibiti yana nufin rabuwa da mahaifa. Abin da kika bayyana bai yi kama da sanyi ba. Ya fi kama da matsalar da ke jikin mahaifar kanta, kuma a shekarunki wadda muka fi cin karo da ita ita ce ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibiroyid. Irin wannan matsala tana iya taɓa haihuwa, tana iya kuma zama ba ruwanta, ya danganta da inda ta zauna. Cire mahaifa kuwa, ga mace mai shekara 31 da ba ta haihu ba, shi ne abu na ƙarshe da likitan mata zai kawo a ransa. Sai dai akwai abin da kika faɗa a tsakiyar wasiƙarki kamar ba komai ba, alhali shi ya fi tayar min da hankali: jirin nan da hakin.

Ina iyakar jinin lafiya?

A wurinmu, al'ada mai lafiya tana zuwa tsakanin kwana 24 zuwa 38, ana ƙirgawa daga ranar farko ta wannan zuwa ranar farko ta mai zuwa, kuma zubar jinin ba ta wuce kwana 8. Jinin da ke fita gaba ɗaya bai kai yadda mata suke zato ba. A littattafan likitanci, idan ya haura mililita 80 a wata, wato cokalin cin abinci biyar zuwa shida, an shiga jini mai yawa. Ba wadda ke aunawa da cokali, don haka tambayoyi muke yi. Kina canza auduga duk awa ɗaya ko biyu? Kina haɗa biyu? Kina tashi cikin dare don canzawa? Gudan jinin ya kai faɗin murfin kwalbar lemo? Kina fasa zuwa biki ko aiki don tsoron ɓata zane? Ke kin amsa yawancinsu tun kafin a tambaye ki. Sannan ga babbar alama: da kwana 5 kike yi, yanzu ya ninka. Sauyi irin wannan a jikin macen da ta san al'adarta shekara da shekaru ba ya zuwa haka kawai.

Maganar Yayarki tana da tushe, sai dai an ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Kwana 15 da muka karanta a Ahalari tun muna Islamiyya iyaka ce ta hukuncin ibada, wato lokacin da jini ke fita daga haila ya koma istihala, mace ta yi wanka ta ci gaba da sallah. Malamai ba su sa wannan adadi don auna lafiyar mahaifa ba. Mace tana iya kasancewa cikin haila a shari'a, kuma tana zubar da jinin da zai kwantar da ita. Yadda za ki lissafa sallarki da azuminki, ki kai wa malamar da kika yarda da iliminta. Yawan jinin kuwa aikin asibiti ne.

Batun "in kin haihu zai daina" shi ma daga gaskiya aka ciro shi. 'Yan mata da yawa suna fama da ciwon mara tun farkon balaga ba tare da wata cuta ba, saboda wani sinadari da ke sa mahaifa murɗawa don fitar da jini, kuma wannan ciwon yakan yi sauƙi da shekaru ko bayan haihuwa. Amma ciwon da ya fara ko ya tsananta bayan mace ta doshi shekara talatin, tare da ƙaruwar jini, wani abu ne ya haddasa shi, kuma wannan abin ne ake nema.

A fara da jinin da ya ragu a jikinki

Jiri, haki, bugun zuciya, kasala, ciwon kai, duk alamun ƙarancin jini ne. Kowane wata kina zubar da sinadarin ƙarfe fiye da abin da abinci ke mayar miki, kuma shekara biyu ana haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar macen da ba ta da ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, ya gaza giram 12 a kowane mililita 100 na jini, wanda a awon PCV da aka fi yi a asibitocinmu ya yi daidai da kusan kashi 36.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne jiki yana sabawa. Saboda jinin a hankali yake raguwa, mace tana ci gaba da girki da wanki da hidimar gida. Na sha ganin wadda ta shigo ɗakin duba marasa lafiya da ƙafarta, da kwalliyarta, tana cewa ita dai kasala ce ke damunta. In na ja fatar idonta ta ƙasa sai in ga fari fat, tafin hannunta kamar an wanke masa launi, faratanta sun yi laushi suna karyewa. A aika ta awo, PCV ya dawo ƙasa da 20. In na tambaye ta ko tana tauna ƙanƙara, ko ɗanyar shinkafa, ko farar ƙasa, sai ta yi dariya ta ce ya aka yi na sani. Wannan kwaɗayin alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma yakan ɓace idan aka cike gurbin.

Don haka ko kafin a gano musabbabin zubar, ki yi awon jini. Idan ya yi ƙasa, maganinsa ƙwayar ƙarin jini ce irin wadda ake ba masu ciki, mai arha. Za ta sa bayan gidanki ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Tana iya sa tashin zuciya ko taurin bayan gida, kuma idan ta dame ki ana iya mayar da ita sha yau a tsallake gobe, jiki yana amfana da ita a haka. Kada ki haɗa ta da shayi ko madara, suna hana ta shiga jiki yadda ya kamata. Ki sha da ruwa ko da lemon zaƙi. Kuma kada ki daina don kin ji ƙarfi. Ana ci gaba kamar wata uku bayan awo ya dawo daidai, don a cika ma'ajiyar jiki. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jiri yana da daɗi, amma ba ya ƙara jini. Hanta, jan nama, kifi, wake, zogale da alayyahu suna taimakawa, sai dai abinci kaɗai ba zai cim ma zubar da kike yi ba. Idan awon ya yi ƙasa ƙwarai, ana iya ba ki sinadarin ƙarfe ta jijiya ko a yi miki ƙarin jini.

Maganar sanyi

Duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa gwiwa, a kemis da wajen masu tallar magani a mota, sanyi ne. A ƙarƙashin wannan suna kuwa cututtuka ne daban-daban. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri gutsi-gutsi, wanda naman gwari ke kawowa. Akwai ruwa mai ƙarni da ke zuwa idan ƙwayoyin halittar da ke kare gaban mace suka rikice, sau da yawa saboda yawan wanke ciki da sabulu ko Dettol. Akwai kuma cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda za su iya hawa sama su kama mahaifa da bututun da ƙwai ke bi, su kawo ciwon mara, zazzaɓi, zafi lokacin saduwa da ɗigon jini a tsakanin al'ada. Wannan na ukun yana toshe bututu ya hana haihuwa, don haka ban ce a yi watsi da shi ba, za a duba. Ba a bayan gida ake ɗaukarsa ba, kuma idan aka same shi dole a yi wa maigida magani, da abokiyar zama idan akwai, in ba haka ba zagayawa zai riƙa yi a gidan.

Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke sa mace zubar da guda-guda kwana goma, wata bayan wata, shekara biyu. Kuma kin riga kin gwada da kanki: an yi allurai, an sha ƙwayoyi, jini bai ragu ba. Abin takaicin ma, yawan shan Ampiclox da makamantansa yana kashe ƙwayoyin da ke kare gaba, sai ƙaiƙayi ya biyo baya, sai a ce ai ga sanyin ya fito fili, a ƙara wani maganin. Wasu matan ma ruwan nan garai-garai mai yauƙi da ke zuwa a tsakiyar wata suke yi wa magani, alhali shi ne alamar ƙwai ya kusa fita.

Roƙona ɗaya a nan: kada ki cusa komai a gabanki da sunan narkar da ƙari ko busar da sanyi. Wasu haɗe-haɗen suna ƙona fatar ciki, idan ta warke sai ta manne, hanya ta tsuke ko ta toshe, kuma gyaran wannan ya fi cire ƙari wahala nesa ba kusa ba.

Abubuwan da nake zargi

Na farko ƙarin mahaifa. Tsiro ne na naman mahaifar kanta, ba daji ba ne, kuma da wuya ƙwarai a sami daji a cikinsa. Sinadaran homon na mace ne ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa ya kuma motse bayan al'ada ta ɗauke. Ya fi yawa a baƙar fata, yana kuma fara mana da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin ɗari na mata baƙaƙe sun samu ƙarin, fararen kuma kusan kashi 70. Yawancinsu ba su ma san suna da shi ba, don bai taɓa damunsu ba. Yana bin dangi, don haka ki tambayi mahaifiyarki da 'yan uwanki mata.

Abin da nake so ki riƙe game da shi: mazauninsa ya fi girmansa muhimmanci. Akwai wanda ke tsirowa ta bayan mahaifa ya nufi cikin ciki. Wannan yana iya girma har mace ta yi kamar mai cikin wata biyar ko shida, yana danne mafitsara tana yawan fitsari, amma al'adarta lafiya lau, kuma tana iya ɗaukar ciki. Irinsa ne wasu ke rainonsa shekaru da sunan ciki ya kwanta. Akwai wanda ke cikin kaurin bangon mahaifa. Akwai kuma wanda ke leƙowa cikin ɗakin mahaifar, inda jinin al'ada ke fitowa kuma inda ɗa ke zama. Wannan na ƙarshen ko santimita 2 ne kawai yana iya sa zubar jini mai tsanani da guda-guda da murɗar mara, yana hana ciki kamawa, yana kuma jawo ɓari. Labarinki da shi ya fi dacewa.

Babu wani jiƙo ko garin magani da aka tabbatar yana narkar da ƙarin mahaifa. Mata kan nuna min hoto a waya, ga abin da ya fito bayan sun sha magani, wai ƙarin ne ya faɗo. Kusan kullum gudan jini ne, kuma in an sake hoton mahaifa sai a tarar da ƙarin yana nan inda yake. Addu'a da ruƙiyya ba na hana kowa, ni ma ina yi. A yi su, a kuma yi sikanin.

Na biyu adinomiyosis, inda shimfiɗar cikin mahaifa ke kutsawa cikin naman bangonta. Mahaifar sai ta kumbura, ta yi nauyi, tana ciwo in an taɓa, al'ada ta zo da jini da yawa da ciwo mai tsanani. Sau da yawa tana tare da ƙari, kuma mai ɗaukar hoton da bai ƙware ba yana iya rikita su.

Na uku endometiriyosis, kuma ita ce aka fi zalunta wajen ganowa. Nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ne ke tsirowa a wajen mahaifar: a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara. Duk wata shi ma yana kumbura ya yi jini, jinin ba shi da mafita, sai kayan ciki su riƙa mannewa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190 a duniya. An daɗe ana ɗauka ba ta cika kama matan Afirka ba, alhali nemanta ne ba a yi. Ki lura da kanki: ciwon yana farawa kwana biyu ko uku kafin jini ya zo? Kina jin zafi can ciki lokacin saduwa? Bayan gida yana yi miki zafi a kwanakin al'ada? Idan eh, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba, kada kunya ta hana ki. Hoton sikanin yana iya fitowa lafiya alhali tana nan, wani lokaci sai an leƙa ciki da na'urar kyamara ta ƙaramar huda a cibiya.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Akwai ɗan tsiro mai laushi a cikin mahaifa da ake kira folif, cire shi ba wuya. Akwai matsalar da ake kira PCOS, amma ita tsallake watanni take sa al'ada, da gashi a haɓa da ƙuraje da ƙiba, ba ta yi kama da naki ba. Akwai matsalar maƙoƙo, da cututtukan rashin daskarewar jini, waɗanda galibi tun al'adar farko suke bayyana, tare da haɓo ko zubar jinin dasashi. Idan kin tashi kusa da dam ko fadamar noman rani kina shiga ruwa, ki ambata, domin tsargiya tana kama gaban mace da bakin mahaifa, ba mafitsara kaɗai ba. Za a kuma duba bakin mahaifarki, musamman idan kina ganin jini bayan saduwa, saboda dajin bakin mahaifa da haka yake fara nuna kansa.

Abin da za a yi miki a asibiti

Ki nemi ɓangaren likitan mata a babban asibitin gwamnati ko asibitin koyarwa mafi kusa da ke. Kafin ki je, ki rubuta ranar da al'adarki ta fara da ranar da ta ƙare na watannin da kika iya tunawa, da adadin audugar da kike amfani da ita a ranakun da jini ya fi yawa. Ki tafi da kwalayen duk magungunan da kika sha, har da na gargajiyar. Ba faɗa za a yi miki ba, sani muke so.

Za a fara da awon ciki, ko da kin tabbata babu, domin ɓari da cikin da ya zauna a wajen mahaifa suna zuwa da siffar al'ada. Sai awon jini, sai dubawa da hannu, sai sikanin. Wanda ake yi ta gaba ya fi na kan ciki nuna ɗakin mahaifa, kuma ya fi kyau a yi shi bayan jini ya ɗauke da 'yan kwanaki. Takardar sakamakon da ta ce "akwai ƙari" ta yi shiru ba ta da amfani. Dole ta faɗi nawa ne, santimita nawa kowanne, a ina yake, kuma ya taɓa ɗakin mahaifa ko bai taɓa ba. Da yawa daga takardun da ake kawo min daga ƙananan wuraren ɗaukar hoto sai na sa an sake, kuɗi biyu ke nan. Tunda kina neman haihuwa, za a ƙara da hoton HSG, wanda ake zuba ruwa na musamman ta bakin mahaifa don a ga siffar ɗakin da kuma ko bututun a buɗe suke. Yana da ɗan ciwo irin na mara, na ɗan lokaci ne.

Magani, ga mai neman haihuwa

Son haihuwar da kike yi yanzu shi ne zai tsara zaɓin. Akwai magunguna biyu da ke rage jini ba tare da hana ɗaukar ciki ba. Na farko sunansa a jikin kwali tranexamic acid. Ana shan sa ne a kwanakin da jini ke zuba kawai, kwana huɗu zuwa biyar, kuma yakan rage jinin da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Ba a ba wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiyar ƙafa ko huhu, shi ya sa likita ne zai rubuta miki. Na biyu magungunan ciwo irin su ibuprofen da Ponstan, waɗanda ke rage murɗar mara su kuma ɗan rage jini. Sirrinsu shi ne a fara sha da zarar ciwo ya soma ko jini ya leƙo, ba sai kin kai ga birgima ba, kuma a sha bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ta sha. Asfirin kuwa ki guje shi, ƙara zubar jini yake yi.

Magungunan homon, wato ƙwayar tsarin iyali, allura, da robar Mirena da ake sa wa a mahaifa, sun fi waɗancan ƙarfi. Mirena tana rage jini da kusan kashi 90 cikin ɗari ga wadda ɗakin mahaifarta bai karkace ba. Amma duk suna hana ɗaukar ciki muddin ana amfani da su, don haka ba su ne zaɓinki na farko ba, sai dai a yi amfani da su na 'yan watanni don jininki ya farfaɗo. Ba sa kashe mahaifa kamar yadda ake yaɗawa. Primolut N da mata ke saya lokacin azumi ko aikin Hajji yana tsayar da jini na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da komai, kuma shan sa barkatai yana ƙara rikita al'ada. Akwai kuma allurar Zoladex mai sa ƙari ya motse. Tana da tsada, tana sa alamun ɗaukewar al'ada kamar zufa da jin zafi, ba a wuce kimanin wata shida ana yin ta saboda tana rage ƙarfin ƙashi, kuma ƙarin yana dawowa in an daina. Amfaninta share fage ne kafin tiyata.

Yanzu ga abin da kike tsoro. Tiyatar ƙari iri biyu ce, kuma mutane suna haɗa su. Akwai cire ƙarin a bar mahaifa, akwai cire mahaifar ɗungurungum. Ta biyun ana yi wa wadda ta gama haihuwa kuma ta zaɓi hakan, ko wadda rayuwarta ke cikin haɗari. Taki ta farkon ce, idan ma ana buƙata. Ƙaramin ƙarin da ke cikin ɗakin mahaifa ana iya cire shi ta gaba da na'ura ba tare da an yanka ciki ba, a inda ake da kayan aikin. Manya ko masu yawa sai an buɗe ciki. Ba zan ɓoye miki ba, aiki ne mai zubar da jini, shi ya sa ake gyara PCV tukuna, a kuma ce 'yan uwa su ba da jini a ajiye. A takardar da za ki sa wa hannu za ki ga an rubuta cewa idan jini ya ƙi tsayawa ana iya cire mahaifa don ceton rai. Hakan yana faruwa, amma ba kasafai ba, kuma ya fi faruwa ga wadda ta bari ƙarin ya cika ciki, ta zo jini ya riga ya ƙare, ko aka yi mata a wurin da ba ƙwararre ba kuma ba ajiyar jini. Wato jinkirin da tsoro ke sa wa shi ne ke kusantar da abin da ake tsoron. Ki sani kuma sabon ƙari yana iya tsirowa bayan shekaru, ana so a jira wasu watanni kafin a ɗauki ciki don ɗinkin ya yi ƙwari, kuma idan aikin ya shiga mahaifa sosai za a ba ki shawarar haihuwa ta tiyata.

Ra'ayina, idan hoto ya nuna ƙari a cikin ɗakin mahaifa, a cire shi ba tare da ɓata lokaci ba. Shekararki 31, kuma damar ɗaukar ciki tana raguwa sosai bayan 35. Idan kuwa ƙanana ne a bayan mahaifa, ba su taɓa ɗakin ba, ban ga dalilin yanka ki ba, domin tiyatar kanta tana iya barin mannewar da za ta taɓa bututu. A wannan hali sai a ci gaba da neman musabbabin a wani wurin.

Maigida ma yana cikin lissafi

Shekara huɗu ke nan tun ɓarin babu wani ciki, alhali mu shekara ɗaya muke jira kafin mu fara bincike. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa, akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Awon maniyyi ba allura, ba ciwo. Ana so ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7 kafin ya bayar. Cewa ya taɓa yi miki ciki, ko yana da 'ya'ya da wata, ba ya nuna halin da yake ciki a yau. Ba na son in yi wa mace tiyata don haihuwa ban ga sakamakon mijinta ba. Idan faɗa masa zai yi miki nauyi, ki roƙe shi ya raka ki asibiti, ki bar likita ya faɗa da bakinsa. Maza sun fi karɓarta a haka.

Duk wannan daga wasiƙarki na gina shi. Ban taɓa cikinki ba, ban ga hotonki ko awon jininki ba, don haka zargi ne mai ƙarfi, ba hukunci ba, kuma likitan da ya duba ki yana iya ganin abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya. Ki yi ƙoƙari ki je kafin al'ada ta gaba ta zo. Idan kuwa kafin nan jini ya ɓalle har kina jiƙa auduga duk awa, awa biyu a jere, ko kika suma, ko numfashi ya yi miki wuya kina zaune, ko ciwon mara mai tsanani ya zo bayan al'adarki ta yi jinkiri, ko ya haɗu da zazzaɓi, kada ki jira ranar ganin likitan mata. A kai ki sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, kuma a tafi da wanda zai iya ba da jini.